Garin Aduwa

Da na zo Hijlij ba ni da komai
sai famfon iska, gwangwanin gam, da wuƙar kakana.
Na baro Maiwurno, ƙarar kogi na bin kunnena,
na sauka inda ƙasa baƙa ce, tana tsagewa da rani
kamar faso a diddigen manomi.
Aka ce sunan garin aduwa ne da Larabci.
Na ce, ashe ke ce. Ƙayarki na sani tun ina yaro.

Na kafa rumfa a bakin hanya.
Shekarun nan taya ta fi jaki daraja.
Tireloli na wucewa da bututu
dogaye kamar yinin azumi,
kowace ta taka ƙusa, tuwona ya nuna.
Ƙwai ɗaya ya kai kuɗin kaza,
ɗakin kwano ya kai kuɗin gona,
ba mai neman ragi. Wa ke da lokaci?

Da dare wata wuta kan tashi a bakin ƙarfe,
ta fi hasumiya tsawo,
ba ta dafa wa kowa komai.
A haskenta na koyi ƙirga takardun fam,
a haskenta na daina ganin taurari
ban kuma nemi inda suka shiga ba.

Nyaluwak ke da shayi a gefena,
kujeru bakwai, buta biyu, citta da kanumfari.
Ba ta jin Hausa, ba na jin nata yaren,
da Larabcin kasuwa muke faɗa a kan inuwa.
Hamdan ya sayar da shanu arba'in
ya sayi farar mota.
Ya ce saniya ciyawa take nema,
wannan kuwa abincinta na ƙarƙashin ƙafarmu.
Ragowar garken suka sha a tafkin bayan shinge,
ruwa mai bakan gizo a fuska.
Maruƙan bana ba su tashi ba.
Muka ce annoba ce, muka ƙara sukari.

Sai wata rana, can nesa,
aka ja layi a takarda.
Layin ya ratsa tsakanin rumfata da butar shayi.
Nyaluwak ta ɗaure kayanta a zani, ta yi kudu,
ta bar mini kujera ɗaya mai gurguwar ƙafa
da bashin fam shida da ban biya ba.

Daga nan bindiga ta yi magana,
bututu ya yi shiru.
Masu hular kwano suka hau jirgi da asuba,
ko janareta ba su kashe ba,
ya yi ta kuka har mansa ya ƙare.

Yau motar Hamdan na zaune kan duwatsu huɗu,
kaza na ƙwai a kujerar direba.
Shi kuwa yana kiwon shanun wani,
in mun haɗu, maganar damina muke.

Ni fa? Tayoyi sun taru a bayan rumfa
kamar tsibin gyaɗa, ba mai tambaya.
Na wasa wuƙar kakana.
Taya guda, takalmi takwas.
Wanda zai bar gari ya ɗora ƙafa, in zana, in yanka.
Na san girman ƙafar kowa a Hijlij:
liman, mahauci, yaran da aka haifa a hasken wutar nan.
Abin da ya kawo su a guje
shi ke mayar da su a ƙasa.

Jiya na ga aduwa ta tsiro
a tsakiyar wata tayar tirela.
Ban cire ta ba.
Na tsinci ɗiyar uwarta, na ɓare, na tsotsa:
zaƙi a gaba, ɗaci a baya,
ƙwallon kuma ya fi ƙarfin haƙorina.

Saura takalmi ɗaya ban yanka ba.
Na auna ƙafar tun bara.