Gadar Katako a Tsohuwar Gonar Babana

Ranar Asabar muka fito mu huɗu,
ni da Linnea da ƙaninta Tobias,
da Baba Arvid cikin kekensa,
bargo a gwiwa duk da zafin Agustan Minnesota.

A bakin shiga akwai allo da taswira.
Koriyar hanya ta masu goyo ce da tsofaffi,
mil ɗaya, ba hawa ba gangara;
ja kuwa ta zagaye tudun ciyawa,
ta masu sauran ƙarfi a ƙafa.
Baba ko kallon allon bai yi ba.
Ya ce, "Kin ga inda bencin can yake?
Nan tarakta ta kafe mini
shekarar da aka haife ki."

Shekara arba'in yana dambe da ruwan nan.
Ya haƙa, ya binne bututun yumɓu layi bayan layi,
ya tatse fadamar har ta ƙafe,
ya sa ta haihuwar masara da waken suya.
Da kuɗin masarar na yi karatu,
ba ni ce zan tsaya nan in zage ta ba.
Da gwiwa ta ƙi, ya sayar wa gunduma,
suka zo suka fasa bututun.
Ruwa kuwa bai manta ɗakinsa ba.

Ga mu yau a kan gadar katako,
ƙafafun keken suna ƙwas, ƙwas, a tsakanin allunan.
Tobias ya yi rub da ciki,
hanci a ramin da ke tsakanin katako biyu,
yana ƙirga kififiya: ɗaya, biyu, biyar, tara.
Linnea ta ce ƙarya ne, uku ne.
Mazari ya sauka a hannun keken,
Baba ya riƙe numfashi don kada ya tashi,
mutumin da bai taɓa tsayawa don ƙwaro ba
sai in zai fesa masa magani.

Can cikin kacala wani abu ya yi kuka,
kuka mai gurgura kamar tsohuwar ƙofa.
Gauraka biyu, masu launin toka, goshi ja,
suna taku kamar an ba su wurin gado.
Baba ya ce, "Ina kamar Tobias na ji wannan.
Uwata ta ajiye wanki ta ɗaga ni sama.
Daga nan ban ƙara ji ba."
Ban tambaye shi dalili ba.
Shi ma bai faɗa ba.

Inda katako ya ƙare, tsakuwa ta karɓa,
ciyawa ta haɗiye Linnea har ribbon kanta,
sai muryarta ke fitowa tana karanta wani allo:
wai saiwar ciyawar nan ta fi tsayin mutum zurfi.
"Na sani," in ji Baba. "Garmata ma ta sani."
Muka ci burodi da cuku a ƙarƙashin rumfa,
sauro suka ci nasu rabon a wuyana.

A hanyar komawa Tobias ya tsinto wani abu,
ɓallin yumɓu ja, lanƙwasasshe, da taɓo a cikinsa.
Linnea, sarkin bin doka, ta nuna allo:
kada a ɗauki komai, ko fure ko dutse.
Baba ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu,
ya goge taɓon da babban yatsa.
"Wannan ba nasu ba ne," ya ce.
"Ni na binne shi."
Ya zura shi a aljihun rigarsa.

A wurin ajiye motoci
na duba bayan kunnuwan yara ko akwai kaska.
Baba yana fuskantar fadamar, bai ce a juya shi ba.
Sai da na buɗe ƙofar mota ya tambaya
ko jar hanyar nan keke zai iya bin ta.