Darduma a Kan Jirgi

Ranar da aka buɗe gada, fito ya mutu.
Jirgin Baba ya yi damina biyu a kife,
ƙadangaru na shan hantsi a gadon bayansa.
Ni kafinta ne, zuciyata ba ta jure
ganin maɗaci yana ruɓewa.
Na zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya,
na kankare, na goge, na ɗora kan duwatsu,
allo goma sha tara, na jera su a ɗaki.

Maƙwabta suka leƙo:
"Wa ya taɓa yin daɓe da katako?
Gara za ta zo maka godiya."
Na shafe ƙasansa da baƙin mai, na yi shiru.

Yalwa ce ta fara ƙorafi.
"Kyau kam akwai, amma santsi.
Jikanka ya sha ƙasa sau biyu tun safe,
tsoho kuma sanyi na hawa masa ta tafin ƙafa."

Na auna ɗakin da igiyar guga,
na ƙulla ƙulli biyu, na cusa a aljihu,
na hau bayan a-kori-kura zuwa Gujungu.

Tanimu mai darduma ya warware mini babba:
"Bango zuwa bango, ko allura ba ta ganin ƙasa."
Na ce, wata uku na yi a durƙushe,
ba don in binne aikina ba.
Ya jawo ja mai furanni.
Ja a kan ja? Goro ne a bakin mai cin goro,
ba wanda zai san an ƙara.
Ya jawo mai roba a gindi.
Na san bazararmu:
za ta narke, ta kama katako kamar kaska,
ranar ɗagawa ta tafi da fatarsa.
Mai gashi kuwa, mai laushin bayan ɗan rago,
rumbun yashi ce,
yashi kuma shi ne zarton da ba a jin ƙararsa.
Fara? Na tuna hannun Iliya bayan miyar kuka,
na yi dariya ni kaɗai.

Can ƙasan tari, wadda ba a talla,
shuɗiya, saƙa mai kwanciya,
da farin zare siriri a gefe.
Na miƙa igiyata. Ta gaza ƙulli da kamu biyu.
Tanimu ya ce, "Ta yi kaɗan."
Na ce, ita nake nema.
Ya ce albarka sau uku, na juya sau biyu,
har na kai rumfar masu barkono
kafin ya kira ni da sallama.

Da la'asar muka shimfiɗa.
Katako ya kewaye ta ko'ina,
ja yana riƙe da shuɗi,
ƙafafun kujera na gaba sun danne bakinta
don kada ta yi tafiya.
Iliya ya yi gudu, ya tsaya cak, bai faɗi ba.
Yalwa ba ta ce komai ba,
wanda a wajenta yabo ne.

Aka kamo hannun Baba.
Idonsa ya daɗe da yin hazo,
ƙafarsa ce ke masa karatu.
Ya taka, ya laluba, ya tsaya.
"Naɗe mini wannan kusurwar."
Na naɗe.
Ga allon nan mai ɗan kwari a tsakiya,
inda dugadugansa suka ci
shekara arba'in yana tura gora.

Ya sa ƙafa a gurbin, daidai wa daida.
Ya daɗe yana fuskantar shuɗin da ba ya gani.
Ya ce, "Ruwa ya kawo bana."

Har yau kusurwar a naɗe take.
Mai shara ya sani, ba ya gyarawa.