Mu Shida a Bayan Tashar Jirgi

Mu shida ne a ɗakin bayan tashar jirgi,
jar tuta ɗaya, fitila ɗaya, benci biyu.
Kafin damina ta ɗauke mun zama gida biyar.

Dalyop, wanda ramin kuza ya haɗiye wa uba a Bukuru,
ya ce lebura ne gishirin juyi,
in babu shi miya lami ce.
Tanimu ya buga tebur: ina masana'antun?
Fartanya ce za ta kewaye birni,
daga gonakin dankalin Bokkos za a taso.
Nanret ta ce gurguzu a ƙasa ɗaya
murhu ne a ruwan Agusta,
ko duniya duka ta kama, ko ya mutu.
Bulus ƙuri'a yake so, sannu sannu.
Suka ce masa ɗan koren jari-hujja,
shekara tara bai gaishe su ba.
Iliyasu ya ƙi kowace irin hukuma,
har da ni, don ni ke riƙe da makulli.

Jiya muka binne Dalyop.
Akwatin da nauyi, ba wanda ya tambayi aƙidar kafaɗar da ke kusa.

Da yamma, wurin mai shayin Taminus,
burodi ɗaya ya rage.
Tanimu ya ɗauki wuƙa.
Iliyasu ya ce, wa ya naɗa ka?
Nanret ba ta ce komai ba,
ta ƙwaƙulo tsakiyar mai laushi
ta tura wa Bulus, da haƙoransa suka ƙare.

Ɗakin yanzu shagon cajin waya ne.
Makullin yana aljihuna.