Farfela Biyu

Babana Gide fanka yake gyarawa
a rumfarsa ta Ƙofar Marusa.
Yakan ce, fiffike ɗaya in ya karkace,
ɗakin duka zai kwana yana rawa.

Ni kuwa ga ni a filin jirgi tun assalatu,
tocila a baki, tsumma a kafaɗa,
ina bin farfela da tafin hannu
ko tsakuwar jiya ta bar mata tabo.
Biyar a dama, biyar a hagu.
Sai na ƙirga sau biyu nake yarda.

Kananzir yake sha, irin na fitilar kakata,
sai dai nasa an tace, an sake tacewa.
Can ciki wuta ke juya ƙarfe,
gudun da ido bai isa ya bi ba.
Giya ta tare shi, ta rage masa zafi,
ta miƙa wa farfela daidai ƙarfinta,
yadda uwa ke fifita kunu
kafin ta kai bakin yaro.

Wansa na nan bayan rumfa, tayoyi sun sace,
mai fistin, mai tari, mai yoyon baƙin mai.
Fiffike uku-uku gare shi,
da agogai cike da goshi.
Yanzu ƙadangaru ke tuƙa shi.
Wannan kuwa allo ne ke haske a gabansa,
kuma yana riƙe wa mutum numfashi
ko ya haye saman hadari.

Marasa farfela sun fi shi sauri, na sani.
Amma a ba su guntun fili a gani!
Shi ko jar ƙasa ce, in ta daddale,
zai dira, ya juya fukafukai baya,
ya yi gurnani ya tsaya cak,
Alhaji Maiwada ya sauko cinikin riɗi
ko hularsa ba ta goce ba.

Daminar bara, saitin Dutsin-ma,
na hagu ya yi shiru.
Kyaftin Barira ta miƙe masa fukafukai
suka yanki iska a tsaye kamar wuƙa,
ta danne ƙafar dama,
na dama ya ɗauki kayan ɗan'uwansa.
Da suka sauka Alhaji bai ce uffan ba,
buta kawai ya nema.
Ni na kwana uku ina neman laifin hannuna.
Famfon mai ne. Duk da haka ban yi barci ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan,
ban taɓa tashi a cikinsa ba.
Nawa in cire takara a gindin taya,
in ɗaga yatsa, iska ta cika mini riga.

Da dare na koma gida, an ɗauke wuta.
Tsohuwar fankar Baba na tsaye a lungu.
Na zura yatsa na kaɗa ta.
Ta juya, ta juya,
ba ta yi rawa ba.