Kibiyar da ke Cikin Jinka

A shekarar da ruwa ya ci gadar Sundimina
aka kawo mana malamin lissafi daga Indiya.
Balan sunansa, yara suka mai da shi Malam Bala.
Ba ya cin nama. Ni ke dafa masa wake,
ya zuba barkono har ni mai dahuwar in yi tari.

Wani dare kananzir ya ƙare a fitila,
ya ce, Ilu, zauna in ba ka yaƙin ƙasarmu,
na zamanin da giwa ke ɗaukar sarki,
ana busa katantanwar teku kafin a zare takobi.

Akwai wani jarumi, in ji shi,
aka take ƙanensa da keken doki a bakin kogi,
yaron ya ajiye baka, ya durƙusa shan ruwa.
Jarumin ya ɗebi laka ya shafa a goshi,
ya rantse shi da inuwa har abada
sai ya ga jinin mai keken.
Shekara bakwai rana na gasa shi.
In hadari ya taso, sai ya zagi girgije.
Ran da ya same shi, tsakanin giwaye dubu,
kibiya ɗaya ya saki, ta shiga ta maƙogwaro.
Ya jefar da kwari, ya nufi gindin wata bishiya,
sai inuwar ta tashi ta koma bayan dutse.
Ya bi ta, ta ƙara gaba.
Har yau, in ji Malam Bala, yana bin ta.

Na yi shiru. Sauro na kuka a kunnena.
Na ce, Malam, mu ba mu da giwa dubu,
amma muna da Nomau.

Nomau ɗan baka ne, a zamanin da mahara
ke gangarowa daga duwatsun kudu bayan girbi.
Suka iske ƙanensa Tunau yana ɗaurin dawa,
suka bar shi kwance a kan dami.
Nomau bai yi kuka ba, bai karɓi gaisuwa ba.
Kwana uku yana dafa dafin kwankwani,
ya tsoma kibiya biyu:
ɗaya ta mai kisan, ɗaya ta ɗansa,
don can ma su san yadda gida ke mutuwa.

Damina huɗu yana bin kasuwanni
da jakar gishirin da bai damu da ribarsa ba.
Ya same shi a bakin rijiya wajen Gwaram,
yana jan guga, yana wa ɗansa dariya.
Kibiyar farko ba ta yi gardama ba.
Guga ya koma rijiya da igiyarsa.
Ya ɗana ta biyu,
sai yaron ya tako, ko wando babu,
ya kama bakan, yana so a ba shi ya yi wasa.

Nomau ya saɓa shi a kafaɗa har gida.
Ya yi masa kaciya, ya yanka masa gona, ya yi masa aure,
bai taɓa kallon ƙwayar idonsa ba har ya mutu.
Yaron nan, Malam, shi ne ubana.

Malam Bala ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
Ya ce, to kai jikan wa ne,
mai harbi ko wanda aka harba?
Na ce, bari in duba wake, kada ya kama.

Ya koma ƙasarsu tun da daɗewa, wasiƙa ɗaya ya aiko.
Kibiya ta biyu tana nan cikin jinkar ɗakina,
dafin ya bushe, ya yi baƙi kamar tsohuwar daddawa.
Duk shekara in za a yi baibaya
ni ke hawa da kaina in zare ta,
in riƙe ta a inuwar tsamiya har a gama,
in mayar.
Jikokina kan tambaye ni ta mece ce.
In ce musu, ta harbin gafiya.