Saba'in Cikin Ɗari

Ƙarfe biyun dare a Dhaka.
Fanka na kwasar zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan,
shayin Probir ya huce har ya yi fata a kofi,
ni kuwa idona na kan allo,
inda hadari ke haɗuwa bisa tuddan Meghalaya,
jajawur, kamar marurun da ya kusa fashewa.

A gindin tuddan fadamar Sunamganj take,
shimfiɗe kamar faranti,
duk abin da sama ta zubar nan yake gangarowa.
Cikin farantin akwai gonar ubana,
Mokbul Talukdar, mai kadada ɗaya da 'yan kai,
saura kwana goma shinkafarsa ta nuna.

Na rubuta sanarwa da harshen ofis:
ruwa mai ƙarfi cikin kwana uku,
yiwuwar ambaliya saba'in cikin ɗari.
Shugaba ya sa hannu, rediyo zai karanta da safe.
Na jira aka kira asuba,
na fita baranda, na danna lambar da na fi tsoro.

Bara ma na kira shi.
Na ce, Baba, yanke. Ya yanke ta ɗanya.
Hadarin ya gama cika baki, ya bi gabas abinsa,
bai ɗiga ko na wanke lauje ba.
Sulusin noman ya bi iska wurin sheƙa.
Uffan bai ce mini ba. Da Salla ma
ya danƙa mini kuɗin mota kamar kullum,
gara a ce zagina ya yi.

"Tuni, ke ce? Me na'urar taku ta hango kuma?"
Na ce, saba'in cikin ɗari.
Ya yi shiru. Ina jiyo agwagi a bayansa,
da tarin Inna wajen murhu.
Ya ce, "To gonata a ina ta faɗa,
cikin saba'in, ko cikin talatin?"

Shekara shida ina karatun iska,
na san nauyinta, na san ɗumin teku a watan bazara,
amma ba a taɓa kawo wannan a jarrabawa ba.
Na ce, ban sani ba, Baba,
lissafi na iya, gaibu ba nawa ba ne.
Ya ce, "Madalla. Bara ba haka kika ce ba."

Ran Talata sama ta ɓalle.
Mai duba ma'auni ya turo lamba,
na zaci kuskure ne, na sa ya sake dubawa.
Surma ta cika ta batse, jinga ta karye da la'asar,
waya ta mutu.
Kwana biyu ina ja wa taswira layi da hannu mai rawa,
ina gaya wa ƙasa duka yanayin gobe,
ban san ko ubana ya sa loma a baki ba.
Probir ya ce hasashenmu ya yi daidai, a sa a rahoto.
Na rubuta: daidai.
Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa,
na takarda ba ya jiƙa kowa.

Ran Alhamis sai ga kira ta wayar mai kwalekwale.
"Rabi na yanke," in ji shi.
"Rabi na bi bakinki, rabi na bi gwiwata,
wadda ta ƙi yin ciwo, munafuka.
Naki yana tudu, Innarki na shanya a bakin titi,
na gwiwa kuwa kifi ke kiwo a kai."
Ya yi dariya har ta zama tari.
"Gobe fa, za a yi rana? Shinkafa na son bushewa."

Na share ido, na duba allo.
Na ce, sittin cikin ɗari.
Ya ce, "To, na karɓa.
Arba'in ɗin ki riƙe a wurinki."