Abarta

Kakata ba ta da takardar haihuwa.
In an tambayi shekarunta sai ta ce,
"Kakar da fara ta cinye geron Harbo,
ranar kasuwar Aujara."
Iyakar lissafinta ke nan.

Kafin ita, uwarta ta haifi biyar.
Biyar ɗin suna bayan gari, gindin kuka.
Babu wanda ya kai yaye,
ɗaya ko ragon suna bai jira ba.
Mata suka ce wabi ne,
ɗa guda ke zuwa yana komawa,
ya leƙo ɗaki, ya ɗanɗani nono, ya juya.
Zanen goyo ya tsufa a ƙasan adaka
bai san nauyin mai rarrafe ba.

Da ta shida ta faɗo, ba a yi guɗa ba.
Ungozoma Tabawa ta yanke cibi,
ta naɗe ta cikin tsumma,
ta kai bakin juji ta ajiye
kamar tsohon kaskon da ba mai nema,
don in mai ɗauka ta zo, ta raina kayan.
Sannan ta kaɗe hannu ta ce: a bar ta.

Na daɗe ina juya maganar nan a baki.
Da wa tsohuwar take?
Da matan gida, kada su ɗauka?
Da waccan da ba a ambata da dare?
Ko roƙon Mai Sama ne
ya sa rigar ko-in-kula?
Kakata dariya kawai take yi:
"Wanda aka gaya wa dai ya ji."

Liman ya raɗa mata Sa'adatu.
Sunan ya bi rago cikin tukunya.
Ban taɓa jin sa ba sai ranar jana'izarta,
har na waiga ina neman mai shi.

An kuwa bar ta.
Ta yi tamanin da ɗoriya,
ta ga jikan jika, ta ja masa kunne.
Daddawarta har Jahun ake aikowa saye,
in ta wuce da ƙwarya, lungu ya sani.

Yau ni ke kiran suna a aji uku.
Afnan. Nihal. Ikram har biyu. Amal.
Sunaye masu santsi, daga waya aka tsinko su,
ban ce ba su da daɗi ba.
Shekara sha ɗaya ina buɗe rajistar nan,
ban ci karo da Abarta ba,
balle Ayashe, balle Ajuji.
Ran da na faɗa wa yara, suka tuntsire:
"Malama, ai wannan magana ce, ba suna ba!"
Gaskiyarsu. Magana ce.

Kuma ban yi kukan ɓatansa ba.
Sunan da ƙyanda da tarin shiƙa suka shuka,
allurar riga-kafi ce ta nome shi.
Gara ya ƙare a bakin tsofaffi
da a sake cika gindin kuka.

Haka nake cewa, har bara da damina,
da Zulai 'yata ta haifi bakwaini.
Aka sa abin a kwalba a asibitin Jahun,
ba ta fi tafin hannuna ba,
ƙirji na ɗagawa kamar na ɗan tsako.
Na tsaya bayan gilashi,
addu'o'in da na haddace duk suka watse,
sai na ji bakina yana motsi shi kaɗai
da muryar matar da ban taɓa gani ba.

A katin awo Nawwara aka rubuta,
ubanta ya zaɓa, ban ce uffan ba.
Amma in an kawo ta ɗakina da yamma
nakan sassauta murya in gwada ɗayan.

Jiya ta saki ƙafar gado, ta waigo.